Kare Layin Dogo Daga Ɓarna, Kutse Da Zagon Ƙasa: Nauyin Da Ke Kan Al'ummomin Karkara

Duk wanda ya tashi a garin da layin dogo ya ratsa ya san irin matsayin da jirgin ƙasa yake da shi a tarihin arzikin wannan yanki namu. A shekarar 1911 ne layin ya iso Kano, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Legas, inda daga nan cinikin gyaɗa da auduga da fatu ya bunƙasa har aka riƙa tara dalar gyaɗa a Kano. Daga baya layin ya miƙa zuwa Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929, ya kai Nguru a 1930, sannan ya isa Maiduguri a 1964. Garuruwa irin su Zariya da Kafanchan da Funtuwa sun ci moriyar tashoshinsu, kuma har yau akwai unguwannin da ake kira da sunan reluwe.

Bayan shekaru masu yawa na durƙushewa, Gwamnatin Tarayya ta sake mayar da hankali ga wannan fanni. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kimanin kilomita 186 a watan Yulin 2016, aka buɗe na Itakpe zuwa Warri a 2020, sai na Legas zuwa Ibadan a 2021. A cikin shekarar 2021 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ma'anar wannan ita ce, ƙauyuka da dama da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba za su wayi gari suna maƙwabtaka da shi. Saboda haka muka ga ya dace mu yi nazari a kan abubuwa uku da ke barazana ga lafiyar jirgi da ta jama'a, wato ɓarnar kayan layi, kutse cikin harabarsa, da kuma zagon ƙasa na masu mugun nufi.

Yadda ƙaramar sata ke jawo babban hatsari

Mutane da yawa suna kallon layin dogo a matsayin dogayen ƙarafa biyu da aka shimfiɗa a ƙasa. Alhali kuwa kowane ɓangare nasa yana da aikin da yake yi. Ƙarafan suna kwance ne a kan ginshiƙai na kankare ko katako ko ƙarfe, an ɗaure su da ƙugiyoyi da notuna domin tazarar da ke tsakaninsu ta tsaya daidai. A tsohon layi tazarar milimita 1,067 ce, a sabon kuma milimita 1,435. Ƙafafun jirgi an ƙera su ne daidai da wannan awo. Idan aka kwance ƙugiyoyi a jere, nauyin jirgi yakan tura ƙarfen waje, tazarar ta buɗe, ƙafafun su zame, taragai su kauce daga hanya. Haɗarin ya fi tsanani a kan kwana da kan gada.

Haka nan tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin layi ba ado ba ce. Ita ke riƙe ginshiƙai kada su motsa, ita ke rarraba nauyin jirgi a kan ƙasa, kuma ita ke bai wa ruwan sama hanyar tsiyayewa. A lokacin bazara ƙarfe yakan miƙe saboda zafin rana, kuma in babu isasshiyar tsakuwa da za ta danne shi sai ya lanƙwashe. Wanda ya zo da amalanke ko baro ya kwashi tsakuwar don zuba harsashin ɗaki yana ganin bai ɗauki wani abin kirki ba, amma ya raunana wurin da ɗaruruwan rayuka za su bi ta kai. Irin wannan hukunci ne ya hau kan masu haƙar yashi a gindin gadoji, da masu toshe kwalbatoci da shara ko ƙasar gona, domin da damina ruwan da ya rasa mafita yakan zaizaye tudun da layin yake kai.

Sai kuma wayoyin sigina da na sadarwa, waɗanda ɓarayi ke haƙowa saboda jan ƙarfen da ke cikinsu. Da waɗannan wayoyi ne tasha ke sanin inda jirgi yake, kuma da su ake sarrafa na'urar da ke sauya wa jirgi layi. Idan aka yanke su, dole ma'aikata su koma yin aikin da hannu, jirage su rage gudu, kuma ƙofar kuskure ta ƙara faɗi.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Mayun 2021 an ga hotunan yadda aka yanke ƙarafan layin Itakpe zuwa Warri, ƙasa da shekara guda da buɗe shi. A wannan wata ne kuma 'yan sanda a Jihar Nasarawa suka gabatar da mutanen da suka kama tare da manyan motoci maƙare da ƙarafan tsohon layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Wannan ya nuna mana cewa lamarin ya wuce na yaro mai neman kuɗin abinci. Ƙarfen dogo abu ne mai nauyin gaske, ba ya yankuwa sai da injin yanka ko wutar walda, ba ya ɗaukuwa sai da tirela, kuma ba ya saiduwa sai akwai mai saye. A tsakanin mai yanka da kamfanin da ke narkar da ƙarfe akwai dillali, akwai direba, akwai kuma wanda ya kawar da kai a kan hanya.

Kutse cikin harabar layi

Barazana ta biyu ta fi kusa da rayuwarmu ta yau da kullum, kuma mafi yawan masu aikata ta ba su da niyyar cutar da kowa. Tsawon shekarun da jirage suka daina zirga-zirga a tsofaffin layuka ya sa jama'a suka saba da layin a matsayin fili marar mai shi. Wasu sun mayar da shi hanyar zuwa gona ko makaranta, wasu suna shanya hatsi da barkono a kansa, 'yan kasuwa sun kafa rumfuna a bakinsa, wasu ma sun gina gidaje a cikin filin da doka ta keɓe masa. Makiyaya sukan tsallaka da dabbobi ta duk inda ya fi musu kusa, 'yan acaba da masu Keke Napep kuma sukan buɗe wa kansu mashiga ta hanyar cike tsakanin ƙarafan da ƙasa.

Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne, jirgin ƙasa ya bambanta da mota ta fuska biyu. Ba shi da sitiyarin da zai kauce wa abin da ke gabansa, sannan ƙafafunsa na ƙarfe suna gudu ne a kan ƙarfe, don haka birki ba ya kama shi nan take. Jirgi mai nauyi da ke cikin gudu yana iya cin kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya cak. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan garken shanu yana buƙatar minti ɗaya kafin ya gama tsallakawa, a cikin wannan minti jirgin ya ci fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ke nan makiyayin da ya duba bai hango komai ba kafin ya kora dabbobinsa, yana iya samun jirgi a kansa tun rabin garken bai haye ba. Bugu da ƙari, girman jirgi yakan yaudari ido, mutum ya ga kamar yana tafe a hankali kuma yana nesa.

Abin da ya faru a Legas ranar 9 ga Maris, 2023 darasi ne ga duk mai riƙe da abin hawa. Wata motar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar ta yi yunƙurin tsallake layi a yankin Ikeja yayin da jirgi ke tafe, jirgin ya ture ta ya ja ta a ƙasa. Mutum shida suka rasu, gommai suka jikkata. Gaggawar daƙiƙoƙi kaɗan ce ta jefa gidaje da yawa cikin makoki.

Akwai kuma ɗabi'ar yara ta jifan jirgi da duwatsu, ko ɗora dutse da guntun ƙarfe a kan layi don su ga yadda jirgi zai niƙe shi. Dutsen da aka jefa yana iya fasa gilashi ya raunata fasinja ko direba, abin da aka ɗora a kan layi kuma yana iya fallatsa ya sami yaron da ya tsaya kallo. Hawa saman tarago ko maƙalewa a jikinsa don gudun biyan kuɗin tikiti shi ma ya sha halaka matasa a ƙasar nan.

Zagon ƙasa da hare-hare

Barazana ta uku ita ce mafi muni, domin masu yin ta da gangan suke nufin rayuka. A watan Oktoban 2021 an dasa abin fashewa a kan layin Abuja zuwa Kaduna a yankin Rijana, wanda ya lalata wani sashe na layin har aka dakatar da zirga-zirga na ɗan lokaci. Bayan wata biyar, a daren Litinin 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka fasa layin kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta. Aƙalla mutum takwas suka rasa rayukansu, aka yi garkuwa da fiye da sittin. Rukunin ƙarshe na mutum 23 bai sami 'yanci ba sai ranar 5 ga Oktoba, kuma jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara. Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Janairu, 2023, wasu mahara suka afka wa tashar Igueben a Jihar Edo, suka sace fasinjojin da ke jiran jirgin Warri.

Wanda ya dubi waɗannan hare-hare da idon basira zai ga cewa ba a shirya su a dare ɗaya. Sai an leƙi wurin, an san lokacin wucewar jirgi, an san hanyar shiga daji da ta fita, an kuma tanadi mai da abinci. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Ba muna zargin al'ummomin da ke bakin layi ba ne, domin su ne suka fi kowa shan wuya a hannun waɗannan miyagu, kuma da yawa tsoro ne ke rufe musu baki. Abin da muke nufi shi ne, kafin a kai hari akwai alamomin da manomi ko mafarauci ko mai itace yake riga jami'in tsaro gani.

Adalci kuma ya wajabta mana mu faɗi cewa ba kowane hatsarin jirgi ne aikin maɓarnata ba. Lokacin da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya kauce daga layi a tashar Asham a watan Agustan 2025, bayanan farko na masu bincike sun karkata ne ga matsalar kula da kayan layi da kuma yadda aka gudanar da aiki. Wannan ya nuna cewa hukuma ma tana da nata nauyin, kuma bai kamata kalmar zagon ƙasa ta zama mafakar sakaci ba.

Me ke rura wutar matsalar?

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan talauci da rashin aikin yi. Babu shakka suna da hannu, domin matashin da ba shi da abin yi yana da sauƙin ruɗuwa da 'yan dubban nairori. Amma talaka ba shi da tirela, ba shi da masana'antar narkar da ƙarfe. Tushen farko shi ne kasuwar tsofaffin ƙarafa da ba ta da ƙa'ida, inda ake auna kaya a kan sikeli ba tare da tambayar daga ina suka fito ba. Mafi yawan 'yan gwangwan da masu jari-bola halal ɗinsu suke nema, kuma sana'arsu tana rage shara a garuruwanmu, sai dai ɓata-gari sun fake a cikinsu. Wannan ne ya sa Gwamnatin Jihar Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa a shekarar 2023, bayan lalata kayan gwamnati da kuma kashe-kashen da aka yi wa masu shiga daji neman ƙarfe.

Tushe na biyu shi ne tunanin nan na cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Ya kamata mu tuna cewa layin Abuja zuwa Kaduna an gina shi ne da rancen dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin ƙasar Sin, tare da kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta ƙara. Daga baitulmalin ƙasa ake biyan wannan bashi, wato daga kuɗin da zai iya zama asibiti ko makaranta ko rijiyar burtsatse. Duk ƙarfen da aka sace sau biyu muke biyansa, a bashin farko da kuma a kuɗin gyara.

Tushe na uku shi ne barin layi babu aiki da kuma ƙarancin masu sintiri. Tsohon layin ƙasar nan ya haura kilomita 3,500, mafi yawansa a cikin daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Layin da jirgi ke bi kullum yana da masu duba shi kullum, wanda kuwa ciyawa ta rufe shi ne ɓarawo ke kwancewa a tsanake. Na huɗu shi ne jinkirin shari'a. Ana yawan gabatar da waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, amma jama'a ba kasafai suke jin yadda shari'ar ta ƙare ba, kuma hukuncin da ba a ji ba bai tsoratar da kowa.

Wa ke asara?

Mai zama a ƙauye yana iya cewa shi bai taɓa hawa jirgi ba, don haka babu ruwansa. To amma jirgi ɗaya na kaya yana ɗaukar abin da tireloli masu yawa za su ɗauka, kuma a kan tafiya mai nisa kuɗin dakonsa ya fi sauƙi. Idan taki da siminti suka iso da arha, manomi da magini ne ke amfana. Idan hatsi da albasa da dabbobi suka isa kudu cikin lokaci, mai noma da mai kiwo ne ke samun farashi mai kyau. Idan manyan motoci suka ragu a kan tituna, titunan sukan daɗe ba su farfashe ba. A watanni takwas da jirgin Kaduna ya yi a tsaye a 2022, masu sayar da abinci da direbobin haya da 'yan dako na tashar Rigasa sun ga yadda kasuwarsu ta mutu, matafiya kuma suka koma bin hanyar motar da suka guje wa tun farko.

Abin da ya rage gare mu

Dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955 ta damƙa mata kula da layukan tarayya, kuma 'yan sanda da jami'an Sibil Difens suna da alhakin kare kadarorin ƙasa. A watan Maris na 2023 an yi wa tsarin mulki gyara, inda aka mayar da harkar jiragen ƙasa cikin abubuwan da jihohi ma za su iya yin doka a kansu. Wannan ya ƙara kusanto da batun ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ya rage uzurin cewa abin na Abuja ne kaɗai.

Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli suna iya sanya batun layin dogo a cikin ajandar taron kwamitin tsaro na wata-wata, su kuma yi rajistar duk masu sayen tsofaffin ƙarafa a yankunansu tare da shugabannin ƙungiyoyinsu, a sharɗanta musu rubuta sunan mai kawo kaya da kuma ƙin karɓar duk abin da ya yi kama da kayan layi. Jami'an filaye su daina yanka filoti ko bayar da izinin rumfa a cikin harabar dogo. Inda al'umma ke buƙatar mashiga don zuwa gona ko kasuwa ko mashayar dabbobi, a rubuta wa hukumar jiragen ƙasa a nemi halastacciya, musamman tun ana cikin aikin sababbin layuka, domin layin da ya datse burtali ba tare da mafita ba yana gayyatar kutse ne da kansa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san baƙo da ɗan gari. Muna roƙonsu da su sa ido a kan duk wanda ya zo da injin yanka ko babbar mota yana cewa an ba shi kwangilar kwashe tsohon ƙarfe. Kada a wadatu da takardar da ya nuna, a tuntuɓi ofishin 'yan sanda ko tashar jirgi mafi kusa kafin a bar shi ya taɓa komai. Limamai da malaman makarantun boko da na allo su riƙa tunatar da yara da manya cewa dukiyar jama'a amana ce. Ardo-ardo kuma su ja hankalin makiyaya su riƙa tsallakawa ta wuraren da aka tanada, kuma kada a bar wa ƙananan yara garke a kusa da layi.

Ga sauran jama'a, ƙa'idojin ba su da wuya. A tsaya a duba dama da hagu a kuma saurara kafin a tsallaka. Kada a bi ta kan layi da ƙafa ko babur, kada a zauna ko a yi shanya a kansa. Idan mota ta mutu a kan layi, kowa ya fita ya yi nesa tukuna. Wanda ya ga ƙarfe a yanke, ko notuna a kwance, ko rami sabon haƙa, ko wani ƙunshi da bai gane ba, kada ya taɓa, ya gaggauta sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.

A ɗaya ɓangaren, wajibi ne hukumomi su sauke nasu nauyin. A samar da lambar waya mai aiki da za a liƙa a kowane ƙauyen da ke bakin layi, a kuma ɓoye sunan mai kawo rahoto, domin babu wanda zai yi magana idan ya san gobe sunansa zai isa kunnen 'yan bindiga. A ɗauki matasan yankin aikin sintiri da share ciyawa, a biya su a kan lokaci. A kafa shinge da alamomi da masu tsaron mashiga inda jama'a suka yi yawa, a biya diyyar gonaki ga waɗanda layi ya ratsa ba tare da jan rai ba, sannan a bi sawun masu saye da masu narkarwa kamar yadda ake bin masu yanka.

Kakanninmu sun ga zuwan jirgi, iyayenmu sun ci moriyarsa, mu kuma mun ga yadda ya durƙushe da irin tsadar da hakan ta jawo mana. Yanzu da ake sake shimfiɗa shi a ƙofar gidajenmu, tsaronsa zai dogara ne ƙwarai a kan mutanen da ke kwana suna tashi a gefensa. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana.